Inna Ba Ta Cewa Ba Komai

Zuwa ga Yaya Labo, Gangara.

Bayan gaisuwa, ina Inna da ƙanwarmu Balkisu? Ni lafiya lau, ci sau ɗaya ba ya kashe namiji.

Na tsinci littafin zane nan Abijan, ina haɗa baƙaƙensa. Labarin garin wani azzalumin shugaba ne, dole kowa ya ce ya ƙoshi. Maganar baki tana cikin da'ira, ta zuci cikin gajimare, can yunwar take.

Sai na tuna Inna a kasuwa, tana wanke mai awo tas, kowa na dariya. Yau cikin farin nan ka rubuto wai ta ce ba komai? Inna? Haba Yaya!

In ba ta ci ka gaya mini, in bar aikin in hawo mota. Allah ya kawo ruwa.

Ƙanenka, Jika