Hannun Ermek

Zuwa ga Yaya Ermek,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ciwon baya? Ya matarka Gulsara da jikoki, ya sanyin Karakol?

Roƙo ne ya kawo ni. Akwai wata ɗalibata a makarantar bale, rawar nan ta kan yatsun ƙafa, sunanta Meerim. Bara abokin rawarta ya ɗaga ta sama ta suɓuce masa, ta faɗi ta ji ciwo a kafaɗa. Kafaɗar ta warke, amma da an taɓa ƙugunta sai ta sunkuyar da kai, bayanta ya lanƙwashe, ta yi nauyi kamar buhun dankali. In ta faɗi jarrabawar bazara za a sallame ta, kuma ban taɓa koyar da mai ƙafa irin tata ba.

Na ce ta miƙe wuya, ta sauke kafaɗu, ta tsuke ciki. In tana riƙe da sandar atisaye ta jikin bango tana yi, a sama ba ta iyawa. Ni kuwa tun muna matasa kake ɗaga ni a dandali, ban san tsoro ba, balle in san maganinsa. Ka bar ƙudan zumanka ka zo nan Bishkek ka taimake ni.

Ƙanwarka,
Bermet

Zuwa ga Yaya Ermek,

Ina fata ka isa gida lafiya, motar ba ta jijjiga maka baya ba.

Meerim ta ci jarrabawa.

Har yanzu yaran suna kwaikwayon yadda ka shigo da sandarka kana cewa, "Wannan ɗakin bai daina warin gumi ba?" Da ka tsaya a bayana ka dafa ƙuguna, na ce, "Tsoho, karya mu za ka yi." Ka ce, "Da ma ni nake ɗaga ki? Ke kike tashi, ni tare ki nake yi." Mai fiyano ta fara kiɗan nan namu, Meerim na gefe tana kallo. Ban san sanda na hau kan yatsuna ba, da furfurata da komai. Ba ka ɗaga ni ko kaɗan ba, amma na ji ƙasa ta yi nisa, har ƙamshin labulen tsohon dandalinmu na ji.

Washegari Meerim ta ce wa abokin rawarta, "Kai dai ka tsaya a wurinka." Ta ja numfashi ta tashi, kanta a sama.

Idon sawuna ya kumbura, 'yata sai faɗa take yi, wai tsohuwa ba ta san shekarunta ba. Na ce mata ta yi haƙuri, ba zan ƙara ba. Amma in za ka shigo lokacin kaka, ka sanar da ni da wuri in nemo mai fiyanon.

Ka gaida Gulsara.

Ƙanwarka,
Bermet