Ruwan Masaƙar Yemma

Zuwa ga mijina Arezki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka, ya sanyin Aljiyas? Ina fata kana shan maganinka ba sai an tsaya a kanka ba.

Ba zan dawo ranar da na ce ba, kuma kada ka fara. Ka san na zo ƙauye ne in kwashe kayan Yemma in rufe gidan. To, ina buɗe ɗakin ciki sai ga masaƙarta a tsaye, zare a ɗaure, bargon farin ulu bai ko kai rabi ba. Matajin ƙarfen da take buga zare da shi yana rataye inda ta bar shi. Babu wanda ya gaya mini mahaifiyata ta rasu da saƙa a hannu.

Nna Sekura, tsohuwar maƙwabciyarta, ta shigo ta same ni a ƙame. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Tasadit, kin dai san Yennayer ta ƙarato. Sabuwar shekara ba ta shiga gida ta tarar da masaƙa a tsaye. Ko ki gama, ko ki yanke." Na ce zan gama. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke? Da waɗannan hannayen na buga hatimi a gidan waya?"

Na san kana dariya. Na san idonka yana kan kabad ɗin nan nawa: rigar sanyi mai hannu ɗaya, kwandon da ba shi da baki, tulun da na yi wa zane a gefe guda, mayafin teburin da na fara tun 'yarmu Lidiya tana goye, ga ta yau da nata goyon. Ban musa ba. Amma kai ma garayar da ka ce za ka sassaƙa in ka yi ritaya har yau katako ce a bayan firiji, saboda haka mu rufa wa juna asiri.

Wannan kam zan gama shi. Ka gaishe da Lidiya da jaririnta.

Matarka,
Tasadit

Zuwa ga Arezki,

Ina gaisuwa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Saƙonka ya iso, har da tambayar ko in tanadar wa bargon wuri a kabad. Allah ya shirye ka.

Ba na iya zama, ba na iya tashi. In na zauna a bayan masaƙa sai in tuna ban shanya ulu ba, in na fita shanya sai in ji kamar masaƙar na kirana. Jiya na dafa kofi na manta da shi har ya ƙone. Mutanen gari duk suna gangare suna tsinkar zaitun, ni kaɗai ce a unguwa ina buga mataji, yatsuna sun tsattsage.

Aikin kuma ba ya tafiya. Wurin Yemma a matse yake, ko allura ba ta ratsa shi. Nawa kuwa, Nna Sekura ta zura ɗan yatsa ta ciki ta leƙo ni ta ce, "Bargo kike yi ko taga?" Ta sa na warware na yini guda. Ta hana ni zama a kan katakon ƙasa, ta hana ni tsallake zare, wai masaƙa rai gare ta tun daga ranar da aka ɗaura ta. Na ce, "Nna, ni fa na yi makaranta." Ta ce, "Shi ya sa."

Na roƙe ta ta taya ni. Ta nuna mini hannayenta da suka kanannaɗe ta ce ita da saƙa sai a lahira. Daga nan ta gaya mini abin da ya hana ni sakat. Ashe ba a yanke saƙa haka kawai. Sai an tsoma mataji a ruwa an ɗiga wa zaren daga wannan gefe zuwa wancan, ana yi masa kalmar shahada, kamar yadda ake yi wa mai barin duniya. Ba a barinsa ya tafi da ƙishi.

Arezki, ka tuna ranar da Yemma ta rasu. Muna cikin mota dusar ƙanƙara ta toshe hanyar dutse, muka iso an riga an dawo daga maƙabarta. Nna Sekura ce ta ɗiga wa Yemma ruwa a baki, ba ni ba. Kowa ya ce ba laifina ba ne, ni ma na sani, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba. Muddin zaren nan yana ɗaure, ina shiga ɗakin in ji kamar ta fita ɗebo ruwa ne. Ina gaggawar gamawa, kuma ba na son in gama. Wallahi na rasa wanne ne ke rage mini sauri.

Ka yi mini addu'a, ka daina cin burodi da zaitun a tsaye kana ce masa abinci.

Taka,
Tasadit

Zuwa ga Arezki nawa,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Ina fata Lidiya ta kawo maka kuskus da kaza.

Ban gama ba. Gara ka ji daga bakina.

Jajibirin Yennayer da hantsi, unguwa duk ƙamshin miya, mata suna share gidaje suna sauya duwatsun murhu, ni ina nan ina bugu kamar mahaukaciya, saura fiye da kamu biyu. Nna Sekura ta shigo da kwanon ruwa ta ajiye a gabana. Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Ta ce, "'Yar nan, ko shekara na ba ki haka za ki ce. Uwarki ta gaji da tsayuwa. Sallame ta."

Na ce a bar shi ya kwana, wa zai sani? Ta ce, "Ni." Ta zauna a bakin ƙofa ta juya mini baya.

Na tsoma matajin. Ruwan ya zuba a zanena kafin ya kai ga zare. Na sake tsomawa. Na bi zaren ɗaya bayan ɗaya ina ɗigawa, ulun yana shanyewa nan take kamar dama jira yake. Na yi shahada. Ban kuwa tsaya a nan ba. Na ce, "Sha, Yemma. Ni ce Tasadit. Hanya ce ta riƙe ni, amma na iso." Na yi kukan da ban yi ba ranar da muka tarar da tabarmi a naɗe. Sannan na sa wuƙa na yanke.

Ni da Nna Sekura muka kwance katakan muka jingine a zaure. Ta shafa bargon, ta tsaya daidai inda hannun Yemma ya ƙare nawa ya fara, ta ce, "Tagar taki ma ta ɗan rufu." A wurinta wannan yabo ne.

Na yi barci har rana ta fito, rabona da haka tun rasuwar.

Ina tafe jibi a motar safe. Bargon gajere ne, in ka rufa da shi iyakarsa gwiwa, gefe guda kuma ya karkace. Zai yi wa ƙafarka mai ciwo daidai. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka kuskura ka kai shi kabad ɗin nan, ko da wasa. Wannan ba ya cikinsu. An ba shi ruwa.

Matarka mai kewarka,
Tasadit