Masan Gidana Yana Kallon Gabas

Zuwa ga Baba Ummaru Magini, shugaban maginan unguwarmu, Ƙaura Namoda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar iyali da ciwon gwiwa, ina baƙin cikin sanar da kai, da al'umma baki ɗaya, cewa masan sabon gidana yana kallon alƙibla. Na rubuto a fili ne saboda sau uku ina zuwa zaurenka ana ce mini ka tafi Zurmi, alhali ga takalmanka a bakin ƙofa.

Ga koke-kokena:

Na ɗaya. Gaskiya ne ban ba ka aikin ba. Da aka ba mu jiha, kamfanoni suka cika ko'ina, ni ma na ɗauko guda daga birni, mai mota da tambari da injiniya mai hular kwano. Kai kuwa ma'auninka igiya ce da tafin ƙafa, kuma kana tashi daga aiki duk ranar da aka yi suna ko jana'iza. Malamin makaranta ne ni, Baba, takarda tana ruɗa ni. Ban yi don raini ba.

Na biyu. Kamfanin bai ci amanata ba. Bulonsu mai ƙwari ne, kuma sun gama kafin lokacin da suka ɗiba. Sai dai zanen da suka zo da shi an yi shi ne don wani fili a wani gari, suka shimfiɗa shi a nawa yadda yake. Ban da masan, ƙofar ɗakin Inna ma gabas take kallo, inda kowane ɗan akuya a ƙasar nan ya san daga nan ruwa da iska suke bugowa.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Don mahaifiyata na gina gidan nan. Na ɗauko ta daga Dauran, ta zagaya, ta yaba, ta shiga makewayi, ta fito ba ta yi abin da ya kai ta ba. Ta ce shekara saba'in ba ta taɓa tsuguna wa Ka'aba ba, ba za ta fara a gidan ɗanta ba. Na kawo mata bayanin malamai a kan masai mai katanga, ta ce in kai wa malaman su zauna a gidan. Yau tana can cikin tsohuwar shigifarta, wadda gara ta cinye azarar, ga hadari ya fara haɗuwa. Kai ka yi wa shigifar nan yaɓe bara waccan, ka san ba za ta kai kaka ba.

Na huɗu. Na koma wa kamfanin, suka ce babu alƙibla a yarjejeniya. Na duba, wallahi babu.

Don haka ina roƙo ka daina tafiya Zurmi ba takalmi. Ka zo ka juya masan, ka toshe ƙofar nan ka buɗe wata ta kudu kafin ruwa ya zauna. Sannan ka bi ni Dauran, domin Inna ta ce ba za ta yarda an gyara ba sai ta ji daga bakinka. Tsiyar da za ka yi mini a hanya kuma na yafe tun yanzu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta gwiwa, ya raya zuri'a, ya sa ginin da ka yi wa mutane ya zama sanadin naka a Aljanna.

Na so in rufe da zargin cewa ka gani ka yi shiru. Sai uwargida ta tuna mini ranar da ake haƙa harsashi, ka tsaya ka dubi rana, ka tambaye ni ina gabas a takardar nan. Na yi dariya, na nuna maka kibiyar arewa, har da ƙarin bayani.

Ni na yi kuskure, Baba. Ka zo.

Wassalam.

Ɗanka,
Malam Bello