Agogon Hannun Inna

Yaya Hayatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Maijidda da yara, ya mutanen Sabiyal? Da fatan albasa ta yi kyau bana. Ni nan Jidda lafiya lau nake. Tsohuwar da nake jinya ba ta barina in zauna, amma ba komai.

Agogon nan da na aiko wa Inna, mai auna iskar cikin jininta ya turo mini sakamakon a waya, shi ne kwanciyar hankalina. Kullum in duba in ga komai ƙalau, in yi hamdala. Ko jiya na duba.

Yau wata 'yar wajenmu, 'yar Aliero, da ta zo Umara ta riƙe hannuna, ta yi mini ta'aziyya. Ta ce tun kafin azumi kuka binne Inna.

Na san abin da za ka ce: gudun kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. To, sannunku da ƙoƙari. Allah ya jiƙan Inna.

Roƙona ɗaya. Gaya mini wanda kuka ɗaura wa agogon, in san numfashin wa nake ta gadi. Ka ce masa lafiyarsa ƙalau, ya cire.

Ƙanwarka,
Lubna