Lamba Uku a Rajista

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ban girma, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Auta da yara suna gaishe ka.

Ƙungiyarmu ta masu zanen gine-gine za ta cika shekara hamsin, kuma a matsayina na shugaba ni aka ɗora wa rubuta tarihinta. An ce littafin zaman farko, wanda ku bakwai kuka yi a falonka, yana wurinka. A taimaka a aiko mana.

Surukinka.

*

Ɗana,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, ido ne ya tafi.

Ga littafin. Shafin farko ya sha shayi, don a kan teburin cin abinci muka kafa ƙungiyar da yau kuke shiga ofishinta da lifta. Ni ne lamba uku a rajista, kafin a ja jan layi a kan sunana.

Abu ɗaya nake roƙo: a goge layin nan kafin in mutu. Ka san wanda ya zana benen makarantar da ya rufta da yara huɗu. Hatimina kawai na buga maka, don ba ka da rajista lokacin, ga bikinka da 'yata Auta saura wata biyu. Shekara talatin ban buɗe baki ba. Na gaji, wallahi.

Babanka.

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa, littafi ya iso, mun gode.

Kwamiti ya duba buƙatarka, ba za ta yiwu ba. Amma ka kwantar da hankalinka, sunanka na cikin tarihin, babi guda ma ka samu. Korarka ce ta nuna wa duniya ba ma ɗaga wa kowa ƙafa, ko da wanda ya kafa mu ne. Daga nan aka fara ganin girmanmu. In muka goge layin, me za mu nuna wa yara masu tasowa?

Zancen wanda ya yi zanen kuwa, Baba, hatimi hukuma ta sani, ba ta san fensir ba. Kai ka koya mana haka a aji.

Ga katin gayyata. An tanadar maka kujera kusa da ƙofa, saboda ƙafarka.

Surukinka.

*

Shugaba,

Na amsa gaisuwa.

Na gaya maka ba na gani, ba ka tambayi mai karanta mini wasiƙa ba. Jiya Auta ta zo duba ni, na miƙa mata taka. Da ta kai wurin fensir sai ta tsaya, ta ce, “Baba, fensirin wa?”

Na gaya mata. Har sunayen yaran huɗu.

Ita ke rubuta wannan. Ta ce a aiko mata da kayanta.

Ka huta lafiya.