Fitowar Watan Yuni

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Alhaji Bashir, shugaban ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci, ya kira ni. Wai in haɗa fitowar ƙarshen shekara, in waiwayi duk abin da jaridar ƙungiya ta buga tun daga Janairu. "Hammajoda, kai ne sakatare, ka san yadda za ka tsara." Na baje guda goma sha ɗayan a kan tabarma. Hotonsa ne a bangon guda tara. Shi da Marsandi, shi da Fijo, shi da kofin da ya sayo ya ba kansa. Mu arba'in ne fa a ƙungiyar nan.

Laraba, 4 ga Disamba

Na karanta har zuwa ta Mayu. A'i ta leƙo ta ce, "Malam, ashe shekara guda ka yi kana wa mutum ɗaya kirari." Matar mutum ce kawai za ta faɗa masa haka. Ko tuwon ban gama ci ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Ta watan Yuni. Kwana biyu ina zagaye ta.

Ranar da muka yi jerin gwanon motoci zuwa Miri, birkin Fijon Alhaji ya tsinke, ya afka gonar wani bawan Allah. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Amma a shafi na biyu ga shi ɓaro-ɓaro: "Sakacin makanike ne ya jawo." Har da suna, Ɗanlarai na Ƙofar Dumi. Alhaji ne ya faɗa mini ta waya, na buga yadda ya ce.

Asabar, 7 ga Disamba

Na hau acaɓa na je garejin Ɗanlarai. Wurin da a da ba a samun inda za a ajiye mota, yau Keke Napep ɗaya ce a ciki. Mutumin da ya shekara talatin yana tayar da Fijon da kowa ya fidda rai da ita.

Ya share mini benci. Da na tada maganar sai ya ce, "Malam, na faɗa masa tiyon birkin nan jabu ne. Ya ce shi ya sayo abinsa, in ɗaura kawai. A gaban Luke mai fenti aka yi." Na ce me ya hana shi magana tun lokacin. Ya ce, "A wace jaridar?"

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Talata, 10 ga Disamba

GRA, gidan Alhaji. Awa ɗaya ya shanya ni a falo. Da ya fito ya ji abin da ke tafe da ni, dariya ya yi. "Magana ta wuce, Hammajoda. Makanike ne fa. Wa ma yake karanta takardar nan?" Na ce waɗanda suka kwashe motocinsu daga garejinsa sun karanta. Ya ce in na tono zancen, sakatarori ba su ƙare a Bauchi ba.

Na biya wajen Badruddeen, mataimakinsa. Wai shi tun Yuni ya san gaskiya. Wai kowa ya sani. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, matsorata masu manyan riguna.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na rubuta gyaran sau huɗu. Duk wanda na karanta, Alhaji nake zagi. A'i ta ce, "To shi wanda ya buga fa, ba shi da suna?"

Lahadi, 15 ga Disamba

An buga, an raba. Shafin farko babu hoton kowa. Layi shida ne: tiyon jabu ne, Ɗanlarai ya yi gargaɗi, Luke shaida ne, sakatare kuma ya buga bai bincika ba. Alhaji ya cire ni daga zauren WhatsApp kafin la'asar. Ya ji da shi.

Da yamma na kai wa Ɗanlarai tsohuwar motata Bosuwaja. Ba wata matsala ba ce, ɗan ƙara take yi. Ya buɗe injin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wa ke taɓa maka ita?" Na ce wani ne a hanyar Jos. "Tun yaushe?" Na ce tun Yuli.

Ya gyaɗa kai, ya goge hannu da tsumma. "Ka dawo ran Alhamis."

Da ƙafa na koma gida.