Dunƙulen Daddawa a Cikin Injin Yaya

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya mutanen jami'a? Mu nan sai godiya, gero ya fara ciki. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, don a rame ka koma.

Yaya, ka nemi wuri ka zauna tukuna. Ka tuna injin nan naka da ka zo da shi hutu, wanda na raɗa wa Gizo-gizo? Hannu uku sun taru sun riƙe alƙalami ɗaya, ka ce aikinka shi ne ka koya musu bin layin da ka shata a kwamfuta, kada su kauce ko da faɗin ƙwayar gero. Ranar Alhamis ya zana da'ira sumul kamar faifai, har Baba ya gyara hula ya leƙa. Ranar Juma'a kuwa sai ga wani abu kamar ƙwan zabo, in ya zo kwana ya zarce, ya dawo yana karkarwa. Kwana uku kana sauya lambobi, ka tafi kana cewa in ya yi haka gaban masu jarrabawa sai ka maimaita shekara.

To, lambobinka ba su da laifi. Ni ne. Daddawar Inna na ɗauka, dunƙule guda, na liƙe a ƙarƙashin farantin da ke riƙe da alƙalamin. Wallahi so nake kawai in ga injiniya yana shinshine-shinshine yana neman inda wari ke fitowa. Ashe mura kake yi. Ban san nauyinta zai rikita shi ba, da na ga fuskarka kuma tsoro ya hana ni gaya maka gaskiya. Ka ɓamɓare ta, ka yafe min don Allah.

Ƙaninka mai laifi,
Nababa

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar jarrabawa? Kowa lafiya a gida, an fara karyar gero. Takardarka ta iso ta hannun direban Bici, na tsallake zagin da ke sama na karanta sauran.

Ashe ba ka cire daddawar ba! Ka ce injin da dunƙulen daddawa zai ruɗa ba zai iya aikin masana'anta ba, inda kaya wani ya fi wani nauyi. Ka sake masa tsari, yanzu da ya ji ya fara sauka daga layi sai kowane hannu ya ƙara ƙarfi ko ya rage, har su daidaita. Ai da ka tambaye ni. Haka Malam ya koya mana a allo, ko tawada ta cika alƙalami ko ta ƙafe, hannu ne ke gyara kansa.

Da na karanta wa Baba cewa wani malaminku ya rataya wa injin kwaɗon kulle ƙofa don ya kayar da kai, amma Gizo-gizo ya bi layinsa tsaf, sai da ya yi hamdala sau uku. Ni ma sai ranar na ci tuwo da daɗi.

Saura magana ɗaya. Inna ta gano inda daddawarta ta shiga. Ta ce tunda daddawar ma ta ci jarrabawa, ka dawo mata da ita, da ita za a kaɗa miyar walimar gama karatunka.

Allah ya sa albarka.

Ƙaninka kuma malaminka,
Nababa